Yadda kiɗan Cristóbal Halffter ya buɗe mini baki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mutumin Damagaram ne, amma na daɗe ina zaune a Ponferrada, babban garin yankin Bierzo da ke arewa maso yammacin Sifaniya. Labarin da zan bayar nawa ne, sai dai ba zai bayu ba in na tsallake wani mai tsara kiɗa da ake kira Cristóbal Halffter, wanda ya rasu a 2021. Ban taɓa gaisawa da shi ba, ko da yake gidansa na Villafranca bai kai tafiyar rabin awa a mota daga inda nake ba. Ta faifai na san shi.

A gidanmu ba a kiɗa. Mahaifina malamin allo ne, a wurinsa kiɗa sana'ar masu gadonta ce, mu kuma tamu alƙalami da tawada. Kiɗan da na tashi ina ji daga nesa duk yana da magana a cikinsa: ko dai mawaƙi na faɗa 'yan amshi na karɓa, ko kalangu na kiran taken wani. Ban san akwai mutanen da ke zama awa guda suna sauraren sauti zalla, ba baiti ba amshi, ba.

Mun bar gida mu biyu, ni da abokina ɗan unguwarmu, wanda muka yi karatun allo tare. Tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya motarmu ta lalace, ruwa ya ƙare, shi bai kai ba. Allah ya ji ƙansa. An sanar da gidansu rasuwar ta bakin wasu da suka koma, amma yadda abin ya faru, da abin da ya faɗa, da inda muka sa shi, duk suka tsaya mini a maƙogwaro. In mahaifiyarsa ta aiko a ce in kira ta, sai jikina ya ɗauki rawa. Haka na bi ta Maroko na tsallako, na yi aikin tumatir cikin gonakin leda na Almeriya, daga baya na hauro Bierzo tsinkar tuffa da tattasai, ina ɗauke da wannan nauyi ban sauke wa kowa ba.

A nan wata mata ta ɗauke ni in kula da mahaifinta, kuma da kwantiragin aikin nan na samu takardar zama ta hanyar da suke kira arraigo. Tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, ƙafafu sun mutu, ido ya yi rauni, amma kunne garau. Da ƙuruciya yana buga ogan, babban abin kiɗan coci mai bututun iska, a cocin ƙauyensu. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini ɗana. Aikina wanka da abinci da magani, sannan da la'asar, bayan na yi salla, in sa masa faifai. Faya-fayan Halffter suna da kanta tasu daban, an jera su bisa shekarar da aka tsara kowane kiɗa, kuma ba ya yarda a birkita jerin. Ya ce mini: "Ɗana, wannan mutumin in ka kama shi daga tsakiya za ka ce mahaukaci ne. Daga farko za mu fara."

An haifi Halffter a Madrid ranar 24 ga Maris 1930, cikin gidan da kiɗa ya riga ya yi suna. Kakansa Bajamushe ne maƙerin zinariya, shi ya sa sunan bai yi kama da na Sifaniyawa ba. 'Yan uwan mahaifinsa biyu, Rodolfo da Ernesto, duk mashahuran masu tsara kiɗa ne. Ernesto shi ne almajirin Manuel de Falla, babban mai tsara kiɗa na Sifaniya, har shi ya ƙarasa babban aikin da malamin ya mutu ya bari. Rodolfo kuwa yana tare da gwamnatin Jamhuriya a yaƙin basasar Sifaniya, da sojojin Janar Franco suka ci su da yaƙi a 1939 ya yi hijira zuwa Meziko, can ya rasu. Shi Cristóbal yana ɗan shekara shida yaƙin basasa ya ɓarke, iyayensa suka tafi da shi Jamus, garin Velbert, ya fara makaranta ƙarƙashin mulkin Hitila, suka dawo a 1939 suka tarar da Franco a kan mulki. Ya yi karatu a babbar makarantar kiɗa ta Madrid wajen Conrado del Campo, ya gama a 1951. Daga wannan shekara aka samo sunan da ake kiran sa'o'insa da shi, 'yan 51, cikinsu har da Luis de Pablo da Carmelo Bernaola.

Ayyukansa na farko ba su ba ni wahala ba. Akwai kiɗan coci mai amshi na 1952, akwai na fiyano da babbar ƙungiyar makaɗa wanda ya ci masa lambar ƙasa yana saurayi. Kana iya kaɗa kai, kana iya bin inda sautin ya nufa. Baba ya ce wannan yaro ne mai biyayya, yana magana da muryar Falla da ta baffanninsa, an ɗan ƙara masa Stravinsky da Bartók. Da ya tsaya nan, da ya ci abincinsa lafiya har tsufa.

Bai tsaya ba. Ranar da muka kai faifan Microformas na 1960, na ɗauka allurar ce ta samu matsala, na miƙe zan duba, Baba ya riƙe mini hannu. Ya yi mini bayani a hankali. Kiɗan Turawa na da yana da sauti guda da komai ke komawa gare shi, shi ya sa kunne ke samun hutu. A Biyana, farkon shekarun 1920, Arnold Schoenberg ya fito da wani tsari: a jera sautuka 12 a yi musu layi, kada a fifita ɗaya a kan saura, daga wannan layi za a gina komai. Bayan yaƙin duniya na biyu matasan Jamus da Faransa da Italiya suka ɗauki tsarin suka faɗaɗa shi har ya shafi tsawon sauti da ƙarfinsa. Sifaniya kuwa tana rufe, abin da ake so a ji shi ne kiɗa mai ƙamshin gargajiya, wanda zai nuna ƙasa lafiya lau take. Halffter da abokansa suka ƙi. Da aka buga Microformas a Madrid sai da zauren ya rikice, wasu na ihu wasu na tafi. Baba ya ce a lokacin ba ka da ikon faɗin ra'ayinka a jarida, amma ba dokar da ta hana sautuka biyu su yi karo.

Akwai abin da Baba bai taɓa ɓoye mini ba, ni ma ba zan ɓoye ba. A 1964 gwamnati ta yi bikin da ta kira shekara 25 na zaman lafiya, wato cikar shekara 25 da nasarar Franco, aka shirya babban taron kiɗa, kuma Halffter yana cikin waɗanda suka tsara masa sabon aiki, Secuencias. A shekarar ce kuma aka ba shi shugabancin makarantar kiɗa ta Madrid. Gwamnatin da ke ƙyamar sabon salo a jiya ta gane cewa zai yi mata amfani wajen nuna wa Turai ita ma ta waye. Duk ranar da muka zo kan wannan faifai sai fuskar Baba ta canza. Yana sauraro har ƙarshe, amma ba ya cewa komai. A nawa ganin tabo ne, kuma masu yabon Halffter da ke tsallake shi ba su yi masa adalci ba, domin sai ka san inda ya tsaya a 1964 za ka gane nisan da ya yi bayan nan. A 1966 ya ajiye shugabancin makarantar, ya fita waje, ya zauna Berlin na wani lokaci, kuma daga nan da yawa daga cikin manyan ayyukansa a Jamus aka fara jin su.

Abin da ya biyo baya shi ne ya shafe ni. Salonsa ya sake juyawa: ya rage lissafin layin sautuka, ya koma gina kiɗa da tarin sauti, kamar gungu-gungu. Yana da wata dabara da ya kira zobba, har akwai aikinsa mai wannan suna, Anillos. Kowane makaɗi a ba shi ɗan guntun sauti ya yi ta maimaitawa da saurin da ya ga dama, ba ya jiran na kusa da shi, sai madugu ya ɗaga hannu sannan a wuce gaba. Mutum tamanin kowa na nasa, amma an auna inda za su fara da inda za su tsaya. Abin da ke fitowa wani irin guna ne mai kumbura, ya taso daga ƙasa-ƙasa har ya cika ɗaki, sannan a yanke shi ƙat. Da wannan murya ya fara magana a kan zalunci. A 1968 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi ya tsara babban kiɗa da mawaƙa don cikar shekara 20 da sanarwar haƙƙin ɗan Adam. A 1971 ya fitar da Planto por las víctimas de la violencia, makoki ga waɗanda aka kashe da ƙarfin tsiya, aka fara buga shi a bikin kiɗa na Donaueschingen a Jamus. A nan ne aka yi amfani da wata sabuwar na'ura ta ɗakin gwaje-gwajen Freiburg, wadda ke ɗaukar sautin makaɗa tana zagayawa da shi daga lasifika zuwa lasifika, har mai sauraro ya ji kukan na kewaye shi. Bayan nan ya yi wani aiki na muryoyi 32 da sunan Pepe Beunza, saurayin da aka ɗaure a 1971 don ya ƙi aikin soja na dole saboda ba ya son ɗaukar makami. Duk wannan Franco na raye.

Sai Elegías, makokin marubuta waƙa uku na Sifaniya, wanda ya tsara tsakanin 1974 da 1975. Kashi uku ne. Na farko hijira, na Antonio Machado da ya tsallaka Faransa da ƙafa ya rasu a Collioure a 1939. Na biyu kurkuku, na Miguel Hernández da ciwo ya cinye a gidan yarin Alicante a 1942. Na uku jini, na Federico García Lorca da aka harbe kusa da Garanada a 1936, aka binne shi a ramin da ba alama. Babu kalma ko ɗaya a cikin kiɗan, ba mai rerawa.

Wata ranar hunturu muna jin wannan faifai, da aka gama kashi na uku Baba ya ce in kashe. Ya ba ni labarin ƙanin mahaifinsa, wanda aka zo aka ɗauka da dare a kaka ta 1936, ba a sake ganinsa ba. Kakarsa ta rayu shekaru tana gaisawa a hanya da mutanen da ta san suna cikin motar, ba ta iya cewa uffan. Ya ce a Priaranza, nan kusa da mu, a watan Oktoba na 2000 aka tono wani rami a bakin titi aka fitar da ƙasusuwan mutum 13 da aka kashe a wannan kakar, kuma daga nan ne tonon irin waɗannan ramuka ya bazu a duk ƙasar. Ya ce nasu ba ya ciki. Ya ce: "Shekara sittin da huɗu mutane na wucewa ta gefen ramin nan, kowa ya sani, ba mai magana. Wannan kiɗan da ka ji, shi ne ƙarar da ke cikin kakata."

Ban shirya ba, bakina ya buɗe. Da Sifaniyancina na gona na faɗa masa komai: yadda harshen abokina ya kumbura, yadda ya riƙa kiran sunan ƙanwarsa, yadda muka tona yashi da hannu da murfin tukunya, yadda muka jera duwatsu muka tafi muna waiwaye. Baba bai katse ni ba, bai kuma ba ni haƙuri irin na fatar baki ba. Da na gama ya tambaye ni ko uwarsa na da rai. Na ce tana nan. Ya ce: "To ita ce mai labarin nan, ɗana. Ni aro ka ba ni."

Na kira ta a ranar Juma'ar da ta biyo. Na ce: "Inna, ni ne." Ta yi shiru, sannan ta ce: "Ɗan nan, ka daɗe." Na fara, ina tsayawa ina ci gaba. Ba ta tambayi wahalar da ya sha ba. Tambayarta biyu ce: "Kun yi masa salla?" Na ce mun yi, da taimama, mu bakwai a sahu. "Kun fuskantar da shi alƙibla?" Na ce da fitowar rana muka auna. Ta ce: "Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka, ka sauke mini kaya." Tun daga ranar duk sallar idi ina kiranta, ita ce ma ta sa wa 'yata ta fari albarka ta waya ranar suna.

Na sha tambayar kaina me ya sa wa'azi bai yi mini wannan ba, nasihar 'yan uwa a masallacinmu bai yi ba, sai kiɗan wani Kirista da ban sani ba. Amsar da na samu ita ce, duk mai son ya taimake ni da lallashi yake farawa, yana neman ya rage girman abin. Kiɗan nan bai rage komai ba. Ya fito da abin da girmansa da muninsa, ya bar shi a tsakiyar ɗaki, sai na ga ashe ana iya fitar da shi mutum bai mutu ba. Addinina ne ya ba ni haƙuri da tawakkali, shi ya riƙe ni a hamada, shi yake riƙe da ni yau. Amma sai da na ji wani ya yi kururuwar kafin na iya tawa.

Franco ya mutu a Nuwamba 1975, kuma da sannu muryar Halffter ta sake canzawa. Wannan juyin shi Baba ya fi so, don ya shafi ogan ɗinsa. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana gudun duk abin da ke ƙamshin gargajiya, sai ya juya ya koma ga tsofaffin makaɗan ƙasarsa, amma waɗanda suka riga mulkin soja da ɗaruruwan shekaru. A 1986, don cikar attajirin garin Basel na Suwizalan mai ɗaukar nauyin kiɗa, Paul Sacher, shekara 80, ya tsara Tiento del primer tono y batalla imperial. Ya ɗauko wani kiɗa na Antonio de Cabezón, makahon da ya yi wa sarakunan Sifaniya ogan a ƙarni na 16, da wani kiɗan yaƙi da aka sani da sunan Juan Cabanilles na Balensiya, ya shimfiɗa su ga babbar ƙungiya. Farkon a natse yake, kayan tsirkiya na tafiya a hankali, tsohon sautin na nan daram. Can sai gunan nan nasa ya fara tasowa daga ƙarƙashi, yana lulluɓe tsohon kiɗan yana sakinsa, sannan gangunan Basel, waɗanda ake bugawa a bikin garin, su shigo da ƙarfi tare da kayan busa. Farkon jina tsigar jikina ta tashi, domin abin da ya zo mini shi ne ƙofar fadar Damagaram ranar hawan salla, lokacin da tambura da kakaki suka haɗu ƙasa na amsawa. Shi ne aikinsa da aka fi bugawa, kuma ko wanda bai saba da irin wannan kiɗa ba yana kama shi.

Wasu sun ce ya yi sanyi, ya koma neman tafi. Ban yarda ba. Wanda ya saurara da kyau zai ji tsohon kiɗan bai fito tsaf kamar yadda aka bar shi ba, yana fitowa ne ta cikin hayaniyar duk abin da ya faru tsakani. A daidai wannan lokaci ne kuma ya tsara wa Mstislav Rostropovich, gwanin celo (wata babbar goge), kiɗan celo na biyu, a 1985, wanda yake cike da duhu da tunawa da Lorca. Bai daina makoki ba. Ya dai samu sarari ya waiwayi abin da yake nasa tun kafin a ƙwace shi a yi ado da shi.

Opera kuwa, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa da kiɗa, sai da ya tsufa ya shige ta. Yana gab da shekara 70 aka buɗe Don Quijote a Teatro Real na Madrid, a Fabrairun 2000, ɗansa Pedro ne madugun makaɗa, an cika dandamali da tsibin littattafai. Sai Lázaro a 2008 da wata a kan labarin wasan dara na Stefan Zweig a 2013, dukansu a Kiel ta Jamus. Waɗannan ba su shige ni kamar na baya ba. Da ya samu kalmomi, ni a kunnena, sai ƙarfin ya ragu. Ya fi faɗa mini gaskiya lokacin da ba mai rerawa. Baba bai yarda da ni ba a nan, mun sha gardama a kai, yana cewa Don Quijote ita ce inda duk muryoyin mutumin suka taru wuri guda, tsohuwa da sabuwa.

Baba ya rasu a hannuna, 'yarsa na gefe. Ta ce ya bar wasiyya a ba ni kantar faya-fayan, da jerinta. Suna nan a ɗakina yadda ya tsara su.

Halffter ya yi shekarunsa na ƙarshe a tsohuwar fadar Villafranca, gadon dangin matarsa María Manuela Caro, gwanar fiyano, wadda ta riga shi a 2017. Garin na kan hanyar masu tattakin ibada na Kirista zuwa Santiago, kullum za ka gan su da sanda da jaka suna wucewa ta gindin katangar, yawancinsu ba su san wanda ke ciki ba. Ya rasu ranar 23 ga Mayu 2021 yana da shekara 91. Shekarar ta kwashi sa'o'insa: Antón García Abril ya tafi a Maris, Luis de Pablo a Oktoba. Makarantar kiɗa ta Ponferrada sunansa take ɗauke da shi, kuma can 'yata ke koyon celo yanzu. Yayana da ke gida bai ji daɗin haka ba, ya ce jikar malam ba ta goge. Na ba shi labarin nan kamar yadda na ba ku, ya ce zai yi tunani, har yanzu muna kan maganar.

Wanda yake son ya gwada, duk ana samunsu a intanet. Baba daga farko yake farawa, amma shi yana da haƙurin malamin firamare da kuma almajiri da ba ya da inda za shi. Ni shawarata a fara da Tiento na 1986, a ji shi sau biyu ko uku har kunne ya saba da gunan. Daga nan a koma Elegías, a san sunayen mutum ukun da yadda kowannensu ya mutu kafin a kunna. Planto a bar shi ƙarshe, kuma a ji shi da lasifika mai kyau, ba ta wayar hannu ba, don a waya rabin sautin ɓacewa yake.